Bolum marar wuta tsakanin CD da Quad 405: wane iri ya kamata in saya?

AbuKhalil_Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen masana. Na samu amfilifaya Quad 405 a hannun wani dattijo da ya yi karatu a Ingila. An sauya mata kafasitoci, tana aiki lafiya lau. Matsalar ita ce ba ta da bolum a jikinta ko kaɗan, mashiga ce kawai da mafitar sifika. Abin da zan riƙa saka mata CD ne na Marantz da wani ƙaramin DAC (na'urar da ke mayar da waƙar dijital siginar sauti) da nake haɗawa da kwamfuta, kowannensu 2V yake fitarwa. Sifikokina ƙanana ne na kan kanta, om 8. Ba na son ƙarin na'ura mai cin wuta, don haka nake tunanin akwatin bolum marar wuta, wanda ake kira fasif. Da na duba intanet sai kaina ya ɗaure: ga mai murɗawa na Alps, ga mai matakai, ga mai taransifoma, ga wani wai da haske yake aiki. Kuma kowanne da lambarsa, 10k, 50k, 100k. Wanne ya dace da kayana?

Kunne_Shaida:
Wa alaikumus salam. Malam, ka yi dace da wannan amfilifaya. Idan da hali ka sayi mai taransifoma ka huta. Sauran duk sirantar da sauti suke yi.

Injiniya_Dala:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Abu Khalil, kafin a kai ga maganar wane iri, a fara da lambobin kayanka, domin su ne za su yanke rabin hukuncin.

Quad 405 ta fito a 1975, zamanin da rediyo da kaset ba su fitar da sigina mai ƙarfi. Saboda haka aka yi ta da saurin ji: 0.5V kacal take buƙata ta ba ka wat 100 cikakku a sifika mai om 8. Kai kuma CD ɗinka 2V yake bayarwa, ninki huɗu na abin da take nema, wato rarar 12dB. To ka ga ba ƙarin ƙarfi kake buƙata ba, ragewa kake buƙata, kuma ragewa shi ne kaɗai aikin da bolum marar wuta ya iya. A nan dai tunaninka ya yi daidai.

Lamba ta biyu ita ce turjiyar mashigarta, abin da ake kira imfidans. Ta 405 ita ce 20k, wato om 20,000, kuma akwai kafasita 220pF a bakin mashigar. Wannan ba shi da yawa idan ka kwatanta da amfilifayoyi masu 47k, ko masu kwalba (masu aiki da bawul na gilashi) da ke kai 100k. Bolum na murɗawa kuwa yana da tasa turjiyar a mafita, wadda take kaiwa kashi ɗaya cikin huɗu na lambarsa a wurin da ya raba sigina biyu. Na 10k zai kai 2.5k, na 50k zai kai 12.5k, na 100k kuma 25k. Ana so turjiyar mai bayarwa ta kasance ƙasa sosai da ta mai karɓa, a ce kashi ɗaya cikin goma. Da 20k a gabanka, 10k ne naka. CD da DAC na zamani, masu mafita om 100 ko 200, ba za su ji nauyin 10k ba.

AbuKhalil_Kaduna:
Na gode Injiniya, Allah ya ƙara basira. To me zai faru in na sa na 100k? Akwai wani a shagon unguwarmu, shi kaɗai ke gare su.

Injiniya_Dala:
Ba abin da zai ƙone. Abin da zai faru shi ne siririn sauti na sama zai iya dushewa. Wayar RCA ta yau da kullum tana da kusan 100pF a kowace mita. Ka ɗauka wayarka mita 3 ce, ka haɗa da 220pF na cikin Quad, ya zama 520pF. Bolum 100k a wurin da ya fi muni, haɗe da 20k na amfilifaya, ya zama kusan 11k. Idan ka yi lissafi, a 20kHz ka rasa abin da ya kusa 2dB. Da na 10k da waya mita 1 kuwa, sai sama da 150kHz ragin yake fara zama abin magana, inda babu kunnen da ke kaiwa. Sannan na 100k ba zai riƙa tashi daidai yadda aka tsara shi ba, saboda 20k ɗin tana janye shi ƙasa.

Ɗalibin_Lantarki:
Injiniya, da izininka ina da tambaya a kan lissafin. Wurin da ya fi muni ai sai an buɗe bolum ya kai -6dB. Da Quad mai 0.5V, in ya kai nan ai ya riga ya wuce ƙarfinta da nisa, maƙwabta ma sun fito. Wat 1 a om 8 shi ne 2.83V, Quad kuma tana ninkawa sau 56, wato 0.05V take buƙata. Daga 2V zuwa 0.05V ragin 32dB ke nan. A wannan wurin bolum 100k mafitarsa ba ta fi 2.5k ba. Ashe matsalar ba za ta taso masa ba a zahiri?

Injiniya_Dala:
Lissafinka ya fita ƙanena. A jin yau da kullum ba zai kai wurin ba. Amma ka lura da abin da lissafin naka ya tono: zai riƙa zama ne a can ƙasan bolum, kuma nan ne bolum na murɗawa ya fi rashin gaskiya. Wannan ita ce ainihin damuwar da ke jiran Malam Abu Khalil, ta fi ta waya.

MaiGyara_SabonGari:
Yauwa, yanzu aka zo wajen. Ni aikina ke nan, kullum ana kawo mini. Bolum na sitiriyo zobba biyu ne na gawayi a kan sanda ɗaya, ɗaya na hagu ɗaya na dama, kowanne da ɗan harshen ƙarfe da ke gogarsa. A tsakiya zuwa sama sukan yi kusan daidai. A farkon murɗawa kuwa, sai ka ji sifika ɗaya ta fara magana ɗayar tana shiru. Masu arha abin ya fi muni, amma ko masu kyau sukan bambanta da 2dB ko 3dB a can ƙasa. Mutum zai zo ya ce mini sifikarsa ta hagu ta mutu, in duba in ga ba abin da ya same ta, bolum ne ba a murɗa shi ya wuce inda ƙarfe takwas yake a fuskar agogo.

In za ka saya a kasuwa, ka tafi da mita. Abu biyu za ka gwada. Na farko, ka kai sandar tsakiya ka auna daga ƙafar tsakiya zuwa ƙafar ƙasa. In ka ga rabin lambar, wannan mai B ne, ba na sauti ba ne, da ka taɓa shi zai yi tsawa. Na sauti shi ne mai A, kamar A10K, a tsakiya zai nuna wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Na biyu, ka ɗan buɗe shi kaɗan daga ƙasa ka auna zoben gaba da na baya. In ɗaya ya ce om 120 ɗaya ya ce om 200, ajiye shi ka ɗauki wani. Mai shago in ya san ka zai bar ka ka zaɓa.

Ummu_Sadiq:
Baba mai gyara, Allah ya saka da alheri. Abin da ke faruwa da namu ke nan da daddare in yara sun yi barci muka rage murya, karatun sai ya koma ɓangare ɗaya. Ashe ba sifika ba ce.

MaiGyara_SabonGari:
Amin 'yata. Da wuya a ce sifika ce. Ki ce a musanya wayoyin sifikokin biyu a bayan amfilifaya, ta hagu ta koma dama. In raunin ya bi waya ya koma ɗaya sifikar, to laifin yana gaba, kuma bolum ne farkon abin zargi.

Sautin_Damagaram:
Sannunku da aiki. Ni mai matakai nake amfani da shi, kuma dalilin da Baba ya faɗa ne ya sa na koma can. Shi ba zoben gawayi ba ne, makunni ne mai juyawa, kowane mataki da nasa rizisto. Tunda rizistocin masu kashi 1 cikin ɗari ne ko ma ƙasa da haka, hagu da dama suna tafiya tare tun daga matakin farko. Muryar mai waƙa tana tsayawa a tsakiya cak, ba ta karkata.

Iri uku ne. Akwai wanda aka jera rizistocin a sarƙa ɗaya, shi ya fi kama da bolum na murɗawa. Akwai mai tsani, wanda kowane mataki yana da nasa rizisto biyu, su kaɗai sigina ke bi, amma a sitiriyo mai matakai 24 rizisto kusan 100 ne za a yi wa dalma. Sai na uku, mai rizisto ɗaya tsayayye a kan hanya, na zuwa ƙasa ne kawai ake sauyawa. Shi wannan nauyin da yake ɗora wa CD yana sauyawa da kowane mataki. Masu suna a harkar su ne DACT na Denmak, Goldpoint na Amurka da Khozmo na Foland.

Garmaho77:
Mutumin Damagaram, ka faɗi daɗin ba ka faɗi ɗacin ba. Matakai 24 ba su isa ba. A tsakiya tazarar wajen 2dB ce, ba laifi, amma a ƙasa tsalle suke yi manya-manya. Na zauna da irinsa. Da daddare mataki na biyu ya yi ƙasa har ba ka jin kalangu sosai, ka ƙara ɗaya kuma a ƙwanƙwasa maka ƙofa. Kana son tsakaninsu, babu. Mai Quad kuwa a waɗannan matakan na ƙasa zai ƙare rayuwarsa.

Sautin_Damagaram:
Gaskiyarka a kan mai 24. Amma akwai mai 47 da mai 48 yanzu, tazararsu ta fi ƙanƙanta. Abu ɗaya da zan ƙara: duk wanda zai haɗa da kansa ya tabbata makunnin irin wanda yake kama mataki na gaba ne kafin ya saki na baya. In ba haka ba, kowane juyi za ka ji "tas" a sifika, kuma a na ukun nan, mai rizisto ɗaya tsayayye, yana iya sakin cikakkiyar murya na ɗan ƙiftawar ido.

Injiniya_Dala:
Matsalar zama a ƙasa tana da magani mai sauƙi, ko wane iri ya zaɓa. A sa rizisto ɗaya a kan hanya kafin bolum, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Bolum 10k in an buɗe shi duka, haɗe da 20k na Quad, ya zama 6.67k. Ka sa rizisto 20k a gabansa, sai rabon ya zama kashi ɗaya cikin huɗu daidai: 2V ya koma 0.5V. Wato ƙarshen bolum ya zo daidai da ƙarshen ƙarfin amfilifaya. Wurin jin yau da kullum zai matsa sama zuwa inda zobban biyu suka fi daidaito, CD zai ga nauyi mai sauƙi na 26k zuwa 30k, kuma mafitar akwatin ba za ta wuce 7k ba. Da waya mita 1 babu abin da za ka rasa. Rizisto biyu ne kawai, kuɗinsu bai kai na katin waya ba. In ba a samu 20k ba, 22k ma ya yi.

Ummu_Sadiq:
Wannan dabarar ta burge ni ta wani ɓangaren. Gidan da ke da yara, wata rana sai an murɗe bolum har ƙarshe kafin a kunna. Ko ba komai an rage ɓarnar.

MaiGyara_SabonGari:
An rage, amma ba a kawar ba. Wat 100 a ƙananan sifikokin kan kanta zai iya ƙona musu tuwita, 'yar sifikar da ke fitar da siririn sauti. A dai ɗaga akwatin sama inda hannu ba ya kaiwa.

Kunne_Shaida:
Ni fa duk wannan lissafin ban musa ba, amma kunne ne alƙali. Na ji fasif na rizisto a gidaje da dama, sautin yana da tsabta amma ba shi da jiki. Ganga ba ta dukan ƙirji. Da aka mayar da firi-amf, wato akwatin bolum mai wuta, sai waƙar ta tashi. Mai taransifoma ne kaɗai na ji bai yi wannan ramar ba.

Dan_Zongo_Kumasi:
Ina bayan Kunne_Shaida a nan, kuma akwai dalili na lissafi, ba jin kunne kawai ba. Rizisto yana rage murya ne ta hanyar zubar da sigina. Taransifoma kuwa juya shi yake yi, ya rage bolt ya ƙara ƙarfin tura waya. In ka rage sau 10, wato 20dB, turjiyar CD ɗinka tana raguwa sau 100 a idon amfilifaya. Om 100 ya koma om 1, sai ɗan abin da naɗin wayar tagullar ya ƙara. Ke nan duk yadda ka rage murya, haka yake ƙara iya tura doguwar waya. Nawa yana nesa da amfilifaya, kusa da kujerata, kuma ban rasa komai a sama ba. Wasu ma suna da matakin ƙarin 6dB. Stevens & Billington da Sowter, duka a Ingila, sun yi suna a kansa. Akwai kuma mai naɗi ɗaya na Intact Audio a Amurka.

Injiniya_Dala:
Abin da Dan Zongo ya faɗa haka yake. Sai dai a faɗa wa mai tambaya sauran. Taransifoma yana son mai ba shi sigina ya zama mai ƙaramar turjiya, in ba haka ba bes ne zai fara tafiya. Ba ya son ko ɗigon DC, wutar nan irin ta batir, daga na'urar da ke gabansa, domin ƙarfen cikinsa zai cika ya fara murguɗa sauti. In ka ajiye shi a kan amfilifaya kusa da babban taransifomanta zai iya kwaso gurnani. Shi ma matakai ne, yawanci ashirin da 'yan kai. Kuɗinsa kuma zai iya fin abin da aka sayi Quad ɗin. Matsalar da yake warwarewa ita ce doguwar waya, Malam Abu Khalil kuma bai ce yana da ita ba.

Game da ramar da Malam Kunne ya ji, ban ce bai ji ba. Amma a gwada abu biyu kafin a ɗora wa rizisto laifi. Na farko a daidaita ƙarfin murya da mita, saboda bambancin 1dB ma yakan sa kunne ya ce wanda ya fi ƙara shi ya fi jiki. Na biyu a duba kafasitar da ke mafitar na'urar. Wasu masu kwalba suna da 0.47uF a mafita. Ka haɗa shi da 10k, bes ya fara faɗuwa daga wajen 34Hz, kuma tasirinsa yana taɓa abin da ke sama da nan. Ka ba shi 50k, sai ya koma wajen 7Hz. A irin wannan gidan bolum 10k kuskure ne, kuma lallai ganga za ta rame.

Kunne_Shaida:
Ɗaya daga cikin gidajen mai kwalba ne, ban musa ba. Amma ɗayan CD ne zalla, kuma abin da na ji na ji. Mita ba ta sauraron waƙa, Injiniya.

Ladan_Unguwa:
Salamu alaikum. Ku gafarce ni in na shigo da abin da ba shi ake yi ba. A masallacinmu akwai wani bolum a jikin bango na sifikar ɓangaren mata, ba a sa masa wuta, murɗawa kawai ake yi. Muna da guda ɗaya da ya rage a kwali. Shi ne irin wanda ake magana? In shi ne sai in ba ɗan'uwa kyauta.

MaiGyara_SabonGari:
Wa alaikumus salam Malam Ladan, Allah ya ba da ladan niyya. Ba shi ba ne. Naku yana zama ne bayan amfilifaya, tsakaninta da sifika, a layin 100V irin na Ahuja da TOA da ake ja zuwa sifikoki masu yawa. Wanda ake magana a nan yana zama kafin amfilifaya, inda sigina ba ta wuce 2V ba. Kada a musanya su. Wanda ya sa ƙaramin bolum 10k a wayar sifika kuwa, hayaƙi zai gani.

Ladan_Unguwa:
To madalla, na ƙaru. Allah ya sa albarka.

Abba_Digital:
Ni tambayata, me ya sa za a sayi akwati tun farko? DAC da yawa yanzu suna da bolum a ciki har da rimot, Topping E30 ma yana da shi. CD ɗin sai a shigar da shi cikin DAC ta wayar haske, shi ke nan. Babu zobe, babu ƙura, hagu da dama daidai ɗari bisa ɗari. Maganar cewa ana rasa bit ɗaya a kowane 6dB ta zamanin bit 16 ce. Da bit 24 ko 32 akwai sarari mai yawa.

Ɗalibin_Lantarki:
Sarari akwai, amma shuuu ɗin da DAC ke fitarwa ba ya raguwa in ka rage lamba, kuma Quad za ta ninka shi sau 56. Bolum na bayan DAC kuwa yana rage waƙa da shuuu tare.

Garmaho77:
Bar ta shuuu. A ƙasar da ake ɗauke wuta a dawo da ita ba sallama, ni ba zan bar wat 100 a hannun ƙwaƙwalwar ƙaramar na'ura ba. Wani abokina DAC ɗinsa ya manta inda aka bar shi bayan an sauya daga janareta, ya tashi a cike. Tuwita ɗaya ta tafi. Sanda kuwa inda ka bar ta nan za ka same ta.

Abba_Digital:
To a haɗa biyun mana. A sa rizisto tsayayye ya rage 12dB ko 20dB a bakin amfilifaya, sauran a yi da rimot. Ana ma sayar da su a shirye, kamar kan RCA, Rothwell na yin su.

Ummu_Sadiq:
Maganar rimot ba ƙarama ba ce. Duk wanda ya ce ba ya buƙata, bai zauna da jariri a cinya ana kiran waya ba. Babu fasif mai rimot ne?

Sautin_Damagaram:
Akwai Hajiya. Wasu Alps ne mai ɗan injin lantarki a baya yana juya sandar. Wasu kuma rile, ƙaramin makunni mai aiki da wuta, ne ke zaɓar rizisto, kamar Saga na Schiit mai matakai 64, kina danna rimot kina jin ƙas-ƙas-ƙas daga cikin akwatin. Duka suna buƙatar wuta, amma don juyawa kawai, sautin rizisto yake bi. Mai yin oda daga Amurka ya tabbata ya zaɓi na 230V, domin nasu na gida 120V ne.

AbuKhalil_Kaduna:
DAC ɗina ba shi da bolum, kuma ina son in riƙa jin CD kai tsaye. Rimot ba dole ba ne a wajena, kujerata kusa take. Amma ba wanda ya ce komai a kan mai haske.

Injiniya_Dala:
Mai haske ƙaramar fitila ce a manne da wani rizisto da turjiyarsa ke sauka in haske ya ƙaru. Sanda tana sarrafa fitilar ne, sigina ba ta bin wani harshe mai goga. Lightspeed na Ostareliya ne ya yaɗa shi. Masu shi suna yabon laushinsa. Amma yana buƙatar wuta mai tsabta, da wuya a sami guda huɗu masu hali ɗaya, kuma halinsu yana gocewa da zafi da tsufa. Ɗakin da yake sanyi ƙalau a Janairu ya koma tanda a Afrilu ba wurinsa ba ne, sai in kana da mai daidaita kansa. A awo ma ya fi rizisto murguɗa sauti. Ba zan ba wanda yake farawa shawararsa ba.

MaiGyara_SabonGari:
Tunda an zo maganar yanayi, a yi maganar hunturu. Ƙurar nan mai laushi tana shiga ko'ina. Bolum buɗaɗɗe mai rami a gefe, kaka ɗaya zai fara ƙarar-ƙarar in ana murɗawa. Shi ya sa nake son Alps RK27, shuɗin nan mai kusurwa huɗu, jikinsa a rufe yake. Makunnin mai matakai in buɗaɗɗe ne shi ma ƙura tana hawa bakinsa, sai akwatin ya zama marar ramuka. Tunda ba ya zafi, ba ya buƙatar iska, a rufe shi ruf. Kuma don Allah a daina fesa man kwance ƙusa a cikin bolum. Ranar farko zai yi shiru, bayan nan ƙura ta manne ta zama laka. Akwai mai wanke bakin waya na musamman, shi ake sawa, ɗan kaɗan.

A kula da jabu kuma. Na karɓi wasu daga wani shagon intanet, shuɗi ne da tambari da komai, amma sandar tana rawa a hannu, na auna zobban suka bambanta sosai. Araha ba ta ado.

Dan_Zongo_Kumasi:
Akwai abin da ba a taɓo ba, gurnanin da ke zuwa in an haɗa kwamfuta. Taransifoma mai naɗi biyu yana raba wayar ƙasa (earth) ta na'urorin, gurnanin ya yanke. Mai naɗi ɗaya ba ya yin haka, rizisto ma ba ya yi. Tunda DAC ɗinsa a kwamfuta yake, ya sa wannan a lissafi.

Abba_Digital:
Wayar haske daga kwamfuta zuwa DAC ma tana yanke shi, a kuɗi kaɗan.

Garmaho77:
Malam Abu Khalil, ba ka da niyyar sa garmaho nan gaba? In akwai, ka sani allura wajen 5mV take bayarwa, dole sai da akwatin fono mai ƙara mata ƙarfi, kuma da yawansu abin da suke fitarwa bai wuce 0.5V ba. A nan saurin jin Quad zai yi maka rana, amma rizisto 20k na Injiniya zai danne shi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Haka in ka sa wayar hannu, yawancinsu ba su wuce 1V ba.

Injiniya_Dala:
Sai a sa rizistocin a bakin mashigar CD da ta DAC kawai, kafin makunnin zaɓi. Mashiga ta uku a bar ta kai tsaye. Kowace na'ura da nata ragin, in ka sauya daga wannan zuwa waccan ma murya ba za ta yi tsalle ba.

AbuKhalil_Kaduna:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda na karkata: akwatin ƙarfe ƙarami, Alps A10K, makunnin zaɓi mai hanya uku, rizisto 20k a mashiga biyu, waya gajera. In na zauna da shi na ga ƙasan bai gamsar da ni ba, sai in cire shi in sa mai matakai 48 a ramin. Baba, Quad ɗin tawa mai tsohuwar mashiga ce, zagayayya mai ƙafa huɗu. Wayar da ta zo da ita duk ta bushe.

MaiGyara_SabonGari:
DIN ce mai ƙafa huɗu, ba irin mai biyar da aka saba gani ba, kuma samunta a kasuwa sai an sha yawo. Kada ka yar da tsohon kan. A kwance shi a sa masa sabuwar waya mai garkuwa, a fito da ita kai tsaye daga cikin akwatin bolum. Ka auna da mita ka rubuta wace ƙafa ce hagu, wacce dama, kafin a cire tsohuwar dalma. Jikin akwatin a haɗa shi da ƙasan sigina a wuri ɗaya, in ba haka ba duk sanda ka taɓa sandar za ka ji "zzz".

Kunne_Shaida:
Allah ya sa ka ji daɗinsa. Amma in ka samu dama ka ari mai taransifoma ko na kwana biyu ne ka saurara a ɗakinka, sannan ka dawo mu yi magana.

Sautin_Damagaram:
Ni da ni ne da mai matakai zan fara tun yanzu, kada a yi kashe kuɗi biyu. Ramin sandarsu ma ba lallai ya zo ɗaya ba, kuma mai 48 ya fi Alps girma, sai ka sayi akwati mai zurfi tun farko.

Ɗalibin_Lantarki:
Injiniya, ni amfilifayata mashigarta 10k ce, kuma sai 1.5V take cika. Wannan lissafin zai yi mini?

Injiniya_Dala:
Kai ba ka da rarar da za ka zubar, kada ka sa rizisto a gaba. Kuma 10k a kan 10k ya zama 5k in an buɗe duka, sai ka duba ko na'urarka za ta ɗauka. Turo mini sunan DAC ɗin da tsawon wayarka.